Ƙaramar kyamara mai tsada: wacce za ta iya da hawan Daura?

*"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Daura. Na daɗe ina ɗaukar hoto da waya, amma yanzu ina so in mallaki ƙaramar kyamara mai kyau wadda zan riƙa jefawa a aljihun riga, ba irin ta masu hoto mai jaka da tarkace ba. Ƙanena zai dawo daga Dubai, ya ce in zaɓi ɗaya ya taho mini da ita. Sunaye huɗu ke ta yi mini yawo a kai: Fujifilm X100VI, Ricoh GR IIIx, Sony RX100 VII da Canon G7 X Mark III. Abin da na fi so in ɗauka shi ne hawan Sallah da na Gani, sai yarana a gida, sai bukukuwan dangi. Wani abokina kuma ya ce in dai da hali in manta da su duka in nemi Leica. Wacce ta fi?"*

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya dawo mana da ƙanen naka lafiya. Ka tambayi wacce ta fi, amma da na karanta saƙonka sai na ga aiki uku ka lissafo, kuma kowanne abin da yake buƙata daban. Mai ɗaukar hawa yana tsaye nesa da abin da yake ɗauka, rana na dukan kansa, dawakai na sukuwa. Mai ɗaukar yara a ɗaki yana kusa da su, haske kaɗan ne, su kuma ba su san zama wuri ɗaya ba. Biki kuwa yawanci sai bayan magariba yake kankama, ƙarƙashin fitilu masu launi-launi. Babu kyamarar aljihu da ta haɗa ukun nan ta yi su duka yadda ya kamata. Duk wadda ka ɗauka, za ta faranta maka a wani wuri ta ba ka haushi a wani, saboda haka abin da za mu duba shi ne wane haushin ne za ka iya haɗiyewa. Sannan akwai abu na huɗu da ba ka ambata ba, wanda masu gwada kyamarori a Landan da Tokyo ba sa kawo shi a rai, wato ƙurarmu.

Abin da ya sa ɗan ƙaramin abu ya yi wannan tsada

A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a shekara ɗaya, mafi yawansu ƙanana ne masu araha, irin waɗanda alhazai ke sayowa tsaraba daga Jidda. Wayar hannu ta zo ta cinye wannan kasuwa ƙarmus, har zuwa 2023 abin da suke fitarwa a shekara bai kai miliyan 10 ba. Sai kamfanonin suka watsar da masu arahar, suka riƙe waɗanda za su iya yin abin da waya ba ta iya ba. Fujifilm ta fara jerin X100 a 2011, Sony ta fito da RX100 ta farko a 2012. Daga baya matasan TikTok suka yi wa X100V, wadda ta gabaci X100VI, da Canon G7 X caa, har suka yi ƙaranci a shaguna, masu sayar da na hannu suka riƙa cin ribar da ta fi kuɗin sabuwa.

Farashin da kamfanonin suka sa wa huɗun naka lokacin fitowarsu shi ne: Canon dala 749 a 2019, Sony kusan dala 1,200 a shekarar, Ricoh GR IIIx kusan dala 1,000 a 2021, Fujifilm X100VI dala 1,599 a Fabrairun 2024. Kada ka ɗauka haka ƙanenka zai same su, musamman Canon da Fujifilm. Kuma tun da naira ta faɗi a 2023, maganar X100VI maganar sama da naira miliyan biyu ce. Kuɗin da ya kai haka ba a kashe shi don kawai an ga abu a hannun wani.

Faɗin sensa da tsawon gilashi

Abu biyu ne suka raba waɗannan kyamarori, sauran duk ado ne. Na farko shi ne sensa, ɗan farantin da ke bayan gilashi wanda haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Ta Sony da Canon faɗinta milimita 13.2 ne a kan 8.8. Ta Fujifilm da Ricoh wajen milimita 23.5 a kan 15.6, wato ta ninka waccan sau uku da ɗoriya. Yawan hasken da kyamara ke kamawa yana bin faɗin nan ne, ba yawan megafiksel da ake rubutawa a jikin kwali ba. Da rana tsaka a fili da wuya ka bambance hotunansu a fuskar waya. Amma ka shiga ɗakin amarya da dare, mai ƙaramar sensa sai hotonta ya fara yin yashi-yashi, fatar mutane ta yi kamar an shafe ta, zaren leshi ya ɓace.

Akwai wani wurin da faɗin sensa ke aiki wanda ya shafe mu mu kaɗai. Mutumin da ya sha farar shadda ko babbar riga mai sitaci, ya ɗora rawani ko hula, ya tsaya a rana bayan an sauko daga Idi, yana daga cikin abubuwan da suka fi wahalar ɗauka. Rigar na walƙiya, fuskar na cikin inuwa, fatarmu kuma baƙa ce. In ka buɗe haske don fuska ta fito, aikin wuyan rigar ya ƙone ya zama fari fat. In ka rage don aikin ya fito, fuska ta yi duhu. Babbar sensa ta fi iya riƙe gefe biyun a hoto ɗaya. A wajen aikina kullum nakan rage hasken kaɗan in kare rigar, daga baya in ɗaga fuskar a kwamfuta, domin abin da ya yi duhu ana iya ceto shi, wanda ya ƙone kuwa ya tafi.

Na biyu shi ne gilashin. Ana auna tsawonsa da lamba, kuma gwargwadon girman lambar, gwargwadon yadda yake jawo abin da ke nesa. Sony na jawowa daga 24 zuwa 200, Canon daga 24 zuwa 100. Fujifilm a tsaye take a 35, Ricoh GR IIIx a 40, ba su gaba ba su baya. In kana son abu ya matso, kai ne za ka taka ka je. Wannan ba rowa ba ce daga kamfanin. Gilashin da zai rufe babbar sensa kuma ya riƙa jawowa nesa dole ya yi girma da nauyi, ba zai shiga aljihu ba. Ko dai ka samu babbar sensa da gilashi tsayayye, ko ƙaramar sensa da gilashi mai jawowa. A nan zaɓin naka yake.

Ranar hawa

Ka tuna inda kake tsayuwa ranar hawan Sallah ko na Gani. In ba kana cikin 'yan jarida ko wani babba ya shigar da kai ba, kana bayan mutane ne, dogarai na kora, tsakaninka da mahaya akwai fili mai faɗi. Mu ma a nan Katsina haka abin yake a Ƙofar Soro. Daga wannan wuri, gilashin 35 zai ba ka taro: kawunan mutane, sararin sama, sai dawakai can ƙanana. Hoto ne mai kyau in yanayin ranar kake son nunawa. Amma in abin da ke ranka shi ne fuskar ɗan lifidi, ko adon linzami da jalala, ko lokacin da mahaya suka zo a guje suka ja linzami suka ɗaga hannu suna jinjina, to 35 ba za ta kai ka ba. Fujifilm na da megafiksel 40, kana iya yanke hoton ya zama kamar na 50 ko 70, amma a 70 abin da zai rage maka wajen megafiksel 10 ne, kuma har yanzu da sauranka kafin ka kai 200.

A wannan aiki RX100 VII ba ta da abokin karawa cikin huɗun. Nauyinta giram 302, amma tana ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa ɗaya ba tare da fuskarta ta ɗauke ba, kuma in ta kama idon mutum tana binsa ko yana motsi. Tana da 'yar tagar leƙe da ke fitowa daga sama, wadda ba za ka san darajarta ba sai rana ta kashe maka fuskar kyamara ba ka ganin komai. Rauninta na ƙaramar sensa ba ya bayyana a nan, tunda haske ya yi yawa ma. Ka sa gudun shata, wato murfin da ke buɗewa ya rufe in ka danna, a 1/1000 na daƙiƙa ko mafi sauri, ƙafafun doki za su tsaya cak, har ɓurɓushin ƙasar da kofato ya watso za ka gani.

Da dare kuwa labari ya sha bamban. Buɗin gilashinta, wato ƙofar da haske ke shiga, f/2.8 ne a farko, da zarar ka fara jawowa sai ya tsuke har zuwa f/4.5, domin a nan ƙaramar lamba ce ke nuna babban buɗi. Ƙaramar sensa ga kuma gilashi mai tsukewa, a ɗakin taron da fitilunsa rabi ja rabi shuɗi, sakamakon ba zai burge ka ba. Sau da yawa wayar zamani mai kyau za ta ba ka hoton dare da ya fi nata daɗin kallo, domin wayar tana ɗaukar hotuna da yawa a ɓoye ta haɗe su wuri ɗaya. Batirinta ma ƙarami ne, kamfanin ya ƙiyasta hoto 260, kuma ranar hawa ba zai kai ka la'asar ba. Sai ka tanadi biyu ko uku a aljihu.

Cikin gida da wajen biki

Nan ne gidan X100VI. Buɗinta f/2, sensarta babba, kuma a wannan fitowar ne aka fara sa mata abin da ke rage rawar hannu a cikin jiki, wanda X100V ta 2020 ba ta da shi. Yaro na wasa a tsakar gida da yamma, ko tsohuwa na zaune a bakin ƙofa hasken waje na faɗowa a gefen fuskarta, za ta fito da su raɗau, bayansu ya ɗan narke ba tare da wannan yankan ƙarya da waya ke yi a gefen kunne da ɗankwali ba. Launinta na daga cikin abin da mutane ke biya. Tana da saituna 20 da ke kwaikwayon tsofaffin fim na kamfanin. Cikinsu ni Astia nake sa wa fuskokin mutanenmu, domin ba ta cika ja ba. Velvia ta yi wa kayan doki da atamfa kyau, amma tana mai da fata kamar an shafa mata jan-baki.

Akwai wata dabara a jikinta da ba kowa ke lura da ita ba. Shatarta a cikin gilashi take, saboda haka 'yar filashar da ke goshinta na iya aiki ko da an sa gudu mai yawa. Ma'anarsa, wancan mutumin mai farar riga a rana, kana iya kare rigar sannan ka watsa masa ɗan haske ya cike inuwar da ke ƙarƙashin hularsa. Kyamarori manya da yawa sai an haɗa musu kaya kafin su yi haka.

Aibinta a wajenka guda biyu ne. Giram 521 take, kuma gilashinta ba ya komawa ciki. Za ta shiga aljihun babbar riga ko na kaftani mai zurfi, amma za ta riƙa jan rigar gefe guda. Yawanci a wuya ake rataya ta. Na biyu, wanda ya saba da jawo hoto da yatsa biyu a waya yakan ji a takure makonnin farko. Wasu sukan saba har su ƙi komawa, wasu kuwa sai ta kwanta a durowa.

Ricoh ita ce kyamarar aljihu ta gaskiya. GR III ta 2019 giram 257 take, GR IIIx ta ɗara ta da kaɗan, amma sensarsu girman ta Fujifilm. Gilashinta kaifi gare shi ƙwarai, tana kunnuwa kafin ka gama ɗaga hannu, kuma tana da saitin da za ka ƙayyade mata nisa tun farko, misali mita biyu, in ka danna ta ɗauka nan take ba tare da neman komai ba. Ga mai yawo a kasuwa ko lungunan da ke kewaye da rijiyar Kusugu, babu kamarta. Wanda ya gan ka da ita ba zai tsargu ba, ba kamar babbar kyamara ba da kana ɗagawa za a fara tambayarka daga wane gidan jarida kake. Ko da hakan, neman izini bai faɗi ba, musamman ga mata da dattawa. Sai dai ba ta da tagar leƙe, ba ta da filasha, batirinta wajen hoto 200 ne, kuma in haske ya yi ƙasa takan yi jinkirin kama abin da ake so. Yaro mai guje-guje a ɗaki zai sha gabanta. A 2025 an fitar da GR IV mai gilashin 28, an gyara wasu daga cikin waɗannan, amma tsarin jikinta na nan yadda yake, kuma a tsarin ne damuwata take.

Canon ba zan daɗe a kanta ba. Gilashinta ya fi na Sony buɗewa, f/1.8 zuwa f/2.8, don haka ta fi ta taɓukawa da dare, filasharta kuma na ba fuska wani haske mai laushi wanda shi ya sa 'yan mata suka so ta. Amma ba ta da tagar leƙe, ba ta iya bin abu mai gudu kamar Sony, kuma 100 bai isa hawa ba. A kuɗinta na asali abin saye ce. A kuɗin da yayi ya kai ta, ban ga dalili ba.

Ƙura

Ga inda na fi so ka saurare ni. Kyamarar da ake cire wa gilashi, in ƙura ta hau sensarta, sai a cire a hura ko a goge cikin mintuna. Waɗannan huɗun duk gilashinsu a manne yake. In ƙura ta shiga, sai an kwance kyamarar gaba ɗaya. Uku daga cikinsu, Sony da Canon da Ricoh, gilashinsu na fitowa in an kunna ya koma in an kashe, kuma kowace fita da komawa tana zuƙar iska ta fesar kamar zugazugin maƙeri. Iskar da take zuƙa ita ce wadda ke kewaye da kai. A watan Disamba ko Janairu, lokacin da hazo ke rufe gari har ka goge tebur da safe kafin azahar ya sake yin fari, ka san abin da ke cikin wannan iska. Ranar hawa kuwa ko ba hunturu dawakai na tayar da tasu. Ka kuma lura ƙaramar Sallah yanzu a watan Maris take faɗowa, kuma tunda kowace shekara tana matsowa da wajen kwana 11, nan gaba kaɗan cikin hunturu sosai za a riƙa yin ta.

Masu Ricoh a ko'ina cikin duniya sun daɗe suna kuka da wannan, duk da tana da abin da ke girgiza sensa ya kakkaɓe ƙura. Na ga irinsu a shagona: mutum ya kawo hotuna a wanke masa, sai ka ga wani ɗigo mai duhu a sararin sama, wuri ɗaya a kowane hoto, kamar tawada ta ɗiga. A hoton ɗaki ba ya nunawa, sai an ɗauki sama ko farin bango. Aljihu ma ba wurin tsira ba ne, domin ƙurar yadi da ke taruwa a ƙasansa ta fi ta waje naci. Abu na biyu da yashi ke yi shi ne ya maƙale a cikin zoben da ke fitar da gilashin, wata rana ka kunna ka ji ƙirr, gilashi ya tsaya rabi. Ni mai ɗauka ne, ba mai gyara ba, amma na san masu gyaran waya ba aikinsu ba ne, kuma yawanci sai an aika Kano, wani lokaci har Legas, sannan a jira kayan gyara su zo daga waje.

X100VI ta fi sauran kariya ta wannan fuska. Jikinta na da roba a gaɓoɓinsa, sai dai gaban gilashin a buɗe yake, kuma kamfanin da kansa ya ce kariyar ba ta cika sai an ɗaura zoben AR-X100 da filta, wato gilashin kariya, mai milimita 49. Daban ake sayar da su. In ita ka zaɓa, ka gaya wa ƙanenka kada ya baro shagon sai da su, ka ɗaura tun ranar farko, kada ka ƙara cirewa. In kuma ɗaya daga cikin ukun ce, ka nema mata 'yar jaka mai zif wadda ita kaɗai ke shiga, ka sayi robar hura iska da burushi mai laushi, ka hure gefen gilashin kafin ka kashe ta duk ranar da ta sha ƙura. Kada ka hura da baki, kada ka goge da gefen riga. Kuma ka rage yawan kunnawa da kashewa a tsakiyar fili.

Zafi ma abin lura ne. Kamfanonin sun rubuta cewa har zuwa digiri 40 aka yi su su yi aiki, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce haka. Hoto ba ya damunsu sosai, bidiyo ne ke dafa su. Sony a saitin da take zuwa da shi minti biyar take ɗaukar 4K ta tsaya, Canon minti goma ne iyakarta a kowane ɗaukar 4K. Kada ka bar kowacce a cikin mota a rufe da rana.

Maganar Leica

Abokinka bai yi ƙarya ba a kan ingancinta. Q3 ta 2023 na da cikakkiyar sensa mai milimita 36 a kan 24, megafiksel 60, gilashin 28 mai buɗin f/1.7, kuma an rufe ta daga ƙura da yayyafi tun daga kamfani. Amma dala 5,995 aka sa mata da ta fito, nauyinta ya haura giram 700, ba ta shiga kowane aljihu, kuma gilashinta ya fi na Fujifilm faɗi, wato ranar hawa dawakan za su ƙara nisa ne. In ta samu matsala, maganar aikawa Jamus ce ko wata ƙasar da ke da wakilinsu. Ƙaramarsu D-Lux 8 kuɗinta kusan ɗaya da X100VI, sensarta ba ta kai ta Fujifilm ba, tana tsayawa a 75, gilashinta kuma mai fita da komawa ne. Ban ga abin da za ta ƙara maka ba sai jan tambarin.

Abin da zan ce ka yi

Kafin ka kira Dubai, buɗe wayarka ka duba hotunan da ka ɗauka cikin shekarar nan, ka ware waɗanda suka ɓata maka rai. Ka tambayi kanka me ya lalata kowanne. In yawancinsu nisa ne, ka jawo har suka farfashe, to matsalarka gilashi ce, Sony za ka saya, ka bar wa wayar aikin dare. In yawancinsu duhu ne da dishi-dishi da fuskokin da ba su fito da kyau ba, matsalarka sensa ce, Fujifilm za ka saya tare da filtarta.

Da yake hawa ka fara ambata, kuma ka ce aljihu, ni RX100 VII zan nuna maka. Dalilina shi ne ita kaɗai ce cikin huɗun ke yin abin da wayarka ba za ta taɓa yi da kyau ba, wato kamo mahayi daga nesa yana gudu. Amma ka yi lissafi da gaskiya: hawa kwanaki ne ƙalilan a shekara, yara kuwa kullum suna gabanka suna girma. In da ka duba ka ga hotunan gida sun rinjayi na fili nesa ba kusa ba, ka ɗauki X100VI, ranar hawa ka nemi wuri da wuri kusa da hanyar da ayari ke bi, inda dawakai ke tafiya a hankali dab da mutane. In kuwa akwai tunanin karɓar aikin biki don kuɗi, babu ɗaya cikinsu da zan ba ka shawara a kai. Wannan aikin kyamarar da ake canza wa gilashi ne, kuma da kuɗin X100VI za ka haɗa ta da gilashi biyu.

Saura abin da za ka gaya wa ƙanenka. Ya saya a shago tsayayye mai ba da rasit, ya buɗe kwalin a gabansu, ya duba lambar jikin kyamara ta yi daidai da ta kwali. Ya shiga saituna ya tabbatar akwai Turanci, domin Sony da aka yi don kasuwar Japan da Japananci kaɗai take zuwa. Ka sa a ranka cewa garantin da za a ba shi da wuya ya yi maka aiki a nan. Ya haɗo da ƙarin batir na asali da caja ta waje, saboda yanayin wutarmu, da memori daga shagon kansa, ba na bakin titi ba, domin jabu sun yi yawa kuma ba a gane su sai ranar da hotunan Sallah suka ƙi buɗewa. Fujifilm da Ricoh da Canon na caji da USB-C irin na waya, Sony kuwa tsohon ƙaramin baki gare ta, sai ka riƙe wayar cajinta da kyau.

In ta hannu ce za a saya, gwajin ƙura minti ɗaya ne. Ya sa buɗin gilashi a f/11, ya fuskanci farin bango ko sararin sama, ya ɗauka yana ɗan motsa hannu, sannan ya faɗaɗa hoton ya bi shi kusurwa-kusurwa. Duk ɗigon da ya fito da kaifi alhali bangon ya yi dishi-dishi, a kan sensa yake. Ya kunna ta ya kashe sau da yawa yana saurare, in ya ji gilashin na gurzawa ko yana tsayawa a hanya, ya ajiye musu abarsu ko nawa suka rage.